Kullun Masa a Motar Arbab

Wakili yana cikin goge fitilar motar da tsumma sai wayarsa ta yi ƙara. Ya maƙale ta tsakanin kunne da kafaɗa, bai fasa gugar ba.

"Baba Wakili, na shiga uku," in ji Rosaline. "Kullun bai tashi ba."

"Wane kullu?"

"Kullun masar sunan ɗan Sulemana mana! Na kwaɓa shi jiya da yamma, na rufe, na ajiye a lungun kicin. Yarinyar nan Diana, nas ɗin da ta tare a gidanmu kwanan nan, ta dawo daga aiki ta ga bokiti a ƙasa, wai ta ji tausayina kada ya lalace. Ta kwashe kayan mutane daga firji ta cusa shi ciki. Ga shi nan yanzu sanyi ƙalau, ko kumfa ɗaya babu."

"Ki kai shi rana."

"Wace rana? Ka leƙa waje kuwa yau?"

Ya leƙa ta ƙofar gareji. Watan Janairu ne, sama ta yi duhu, ana yayyafi, mutanen unguwar Al Khabaisi ta Dubai suna wucewa cikin rigunan sanyi suna takure wuya kamar waɗanda ba su taɓa jin labarin Jos ba.

"Gas ɗinmu ma ya ƙare, mai kawowa ya ce sai la'asar," ta ci gaba. "Barikisu matar Sulemana kuma ta kira ni tun da safe. Tanda na jira a gidansu a Al Rigga, baƙi za su fara zuwa da azahar. Me zan ce wa maijego?"

Wakili dai ba irin tsofaffin da ake riƙe wa hannu a tsallaka titi ba ne. Bai taɓa zama a aji ba, sunansa ma zana shi yake yi, amma babu injin da ya taɓa yi masa gardama ya kwana lafiya. Tirela ta kife da shi a Hawan Kibo, ya fito da sitiyari a hannu. Rikicin Jos ya cinye masa gareji a Dilimi, ya fita da akwatin sifanu a ka. Korona ta kwantar da shi a nan Dubai, ta gaji ta kama gabanta. Duk wanda ya taɓa shan shayi da shi a Abu Hail ya san waɗannan labarai, ya kuma san kowace shekara gangaren Hawan Kibo yana ƙara tsawo.

Mutum ɗaya ce labaran ba sa ci, ita ce Rosaline, Maman Fortune, mai yi wa 'yan Najeriya da 'yan Ghana abincin biki. Mijinta ya rasu da daɗewa, shi ma matarsa haka. Ranar Kirsimeti, bayan an tashi daga sujada, ya sa sabuwar riga ya ce mata su yi aure su koma Pankshin tare, yana da gida a can. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Baba Wakili, shekara da shekaru ina jin abin da ka yi. Ranar da ka faɗi abu ɗaya na gan shi da idona ya faru, ka dawo mu yi magana." Ga shi ƙarshen wata za ta tattara ta koma gida gaba ɗaya, 'yarta Fortune ta matsa mata ta zo ta huta. In ta hau jirgin nan ba tare da ta ba shi amsa ba, magana ta ƙare.

Ya juya ya dubi motar. Ford ce ƙirar 1930, kore da baƙi, doguwa kamar akwatin amarya. Ta Arbab ce, wato maigidansa, wani dattijon Balarabe mai tara tsofaffin motoci, kuma a duk garejin Wakili kaɗai ake bari ya tuƙa ta.

Irin waɗannan motoci ba a yi su da hita ba. Mutanen ƙasashen sanyi ne suka riƙa sayen wani kwanon ƙarfe daban, a kifa shi a kan bututun salansa daidai inda ya fito daga inji, a ɗaure da noti. Fankar inji ta tura iska ta cikin kwanon, iskar ta ɗebi zafin bututun, ta fito ta wata 'yar ƙofa a gaban ƙafar fasinja. Ba waya, ba batir. Ka buɗe ƙofa ka sha ɗumi, ka rufe ka sha sanyi. Ranar da aka sauke motar daga kwantena, Arbab ya ga kwanon ya yi dariya, ya ce, "Ya Wakili, hita a Dubai? Cire." Wakili ya ƙi. Ya kankare tsatsar, ya bi bututun da yatsa yana neman tsaga, domin in akwai tsaga hayaƙi ne zai shigo ya sa mutum barcin da ba a tashi. Ya mayar da shi tsaf. Tun daga ranar abokan aiki ke kiransa Injiniyan Sanyi, kuma ba a taɓa buɗe 'yar ƙofar nan ba.

"Maman Fortune," ya ce, "ki sauko da bokitin bakin titi. Kafin mu isa Al Rigga kullun nan zai tashi har ya gaishe ki."

"Da me?"

"Da salansa."

Ta ce, "Ubangiji, dubi wanda na kira." Amma ba ta ce a'a ba.

Akwai dai wata 'yar matsala. Yau za a ɗauki hoton auren 'yar Arbab a cikin motar, an ce ya kai ta gidansa da ke Mirdif kafin azahar. An shimfiɗa mata sabon kafet ja, an turara ta da turaren wuta har kujerun sun kama ƙamshi. Wakili ya auna ya ga akwai lokaci. Abu Hail, unguwar su Rosaline, nan ne, Al Rigga nan ne. Ya gaya wa Zainul Abideen, Ba'indiyen da ke kula da garejin, wanda suke kira mudir, cewa zai ɗan zaga da ita inji ya saki jiki kafin ya wuce.

A hanya ya tsaya a kantin unguwa ya sayi ledar yis guda. Ba don yana shakkar hitarsa ba. Amma mutumin da ya tsira a Hawan Kibo ya san ko birki mai kyau ana sa masa dutse a bayan taya.

Ya same ta a ƙofar bene da bokiti shuɗi mai murfi, irin wanda sai mutum biyu sun kama. Suka ciccibe shi suka zaunar a gaban kujerar fasinja, daf da 'yar ƙofar. Wakili ya buɗe ta, ya tokare ta da sifana don kada girgiza ta rufe ta, sannan suka tura bokitin ya matse wurin. Rosaline ta tuna ta bar albasa da man gyaɗa a sama, ta koma. Tana ɓacewa ya ɗaga murfi, ya juye yis ɗin duka, ya gauraya da ludayin da ke ɗaure a jikin bokitin, ya rufe. Ledar ya cusa ta ƙarƙashin kujera. Da ta sauko ta tarar da shi yana goge madubi yana fito.

Ta shiga ta zauna, bokiti tsakanin ƙafafunta. Ya tayar da inji, motar ta yi tari ta kama, suka hau titi.

"Wannan ba hanyar Al Rigga ba ce," ta ce.

"Kullu yana son tafiya. Za mu bi ta Al Mamzar, ya sha iskar teku. Sauke gilashinki kaɗan."

"A cikin ruwan nan?"

"Doka ce. Hitar salansa ba a rufe mata taga ruf."

Motar na tafe a hankali, ƙarar injinta kamar keken ɗinki. Manyan motoci suna zuwa su rage gudu, a sauke gilashi, a ɗaga waya ana ɗaukar su hoto. Wani saurayi ya leƙo daga wata farar jif ya ce, "Mashallah, habibi!" Wakili ya ɗaga masa hannu kamar gwamna. Rosaline ta ja gyale ta rufe rabin fuska.

"In hoton nan ya kai wurin Fortune, kai za ka yi mata bayani."

"Zan ce mata uwarta ta shiga motar da ta girmi Najeriya. Kin san irin hitar nan na fara gani a Miyango, a motar wata Baturiya 'yar mishan? Ƙwai take sa wa a gabanta. Kafin ta iso Jos sun ƙyanƙyashe."

"Kafin ta iso Bukuru sun fara cara, ko?"

"Ke dai ba ki da bangaskiya."

"Ina da ita, ba a kanka ba ne dai." Ta janye ƙafa ɗaya. "Kai! Abin nan da gaske yake. Yatsuna sun fara gasuwa."

Ɗumi ya cika motar, wani irin ɗumi mai ƙamshin tsohon ƙarfe, ya haɗu da turaren Arbab. Gilashin gaba ya fara gumi. Suka bi bakin ruwa, teku ya yi toka-toka, babu kowa a yashi sai masu shara cikin rigunan leda. Rosaline ta ɗaga murfin ta leƙa, ta mayar.

"Yana nan yadda yake."

"Shwaiya shwaiya, sannu-sannu. Bai san ni ba tukuna."

"Da safe ma na ƙara masa yis da sukari, ko motsi bai yi ba."

Wakili ya juyo ya dube ta. "Kin ƙara?"

"Leda guda. Me ya faru?"

"Babu komai. Giya nake sauraro."

Suka zaga, suka sake zagawa. Ya ba ta labarin yadda ya kwana a ƙarƙashin tirela da damisa tana shawagi, ta ce bara kura ce. Ya ce akwai kura akwai damisa. Tana cikin dariya ta sake ɗaga murfin, sai ta ƙura wa kullun ido.

"Baba Wakili."

"Na'am."

"Kumfa."

Ya saci kallo. Ga su nan, ƙananan idanu suna buɗewa a saman kullun, ɗaya nan, ɗaya can, kuma ƙamshin tsami mai daɗi ya taso. Rosaline ta tafa hannu kamar yarinya, ta fara waƙar godiya a hankali. Wakili ya gyara zaman hularsa. Ƙirjinsa ya kusa taɓa sitiyari.

"Yalla, mu je Al Rigga," ta ce. "Kafin mu isa ya yi daidai."

Da ya yi daidai, ba don ruwan ya ɓarke ba. Dubai kuwa in aka yi ruwa kowa mantawa yake yi da tuƙi. Suna shigowa tsakiyar Deira suka tarar da motoci sun cushe, jajayen fitilu har iya ganin ido, ruwa ya taru a gefen titi. Suka tsaya. Suka matsa taku kaɗan. Suka sake tsayawa. Inji na aiki, fanka na turawa, 'yar ƙofa na hura zafi a gindin bokiti ba hutu.

Murfin ya fara kumbura a tsakiya.

"Ya isa haka," in ji Rosaline. "Rufe abin naka."

Wakili ya sunkuya ya miƙa hannu. Bokitin ya matse ƙofar, sifanar da ya tokara tana can baya, kuma da yatsansa ya taɓa ƙarfen sai ya janye da sauri ya sa a baki.

"Ja bokitin baya."

"Zuwa ina? Cikina?"

"To ɗaga shi."

"Mu biyu muka ɗauko shi, Baba! Kashe motar mana."

Nan ne fa. Tsohuwar nan in ta sha damshi aka kashe ta, ba ta tashi sai an fita an juya mata hannu a gaba, wani lokaci ma sai an roƙe ta. Ya hango kansa a tsakiyar titi cikin ruwa yana juya ƙarfe, motocin Deira duka suna masa ham, 'yan sanda na tahowa.

"Ba a kashe ta a gosulo," ya ce. "Danne murfin."

Ta danne da hannu biyu. Ta ɗora jakarta a kai. Ta ɗora galan ɗin man gyaɗa. Kullun ya fara leƙowa ta gefen murfi, fari sol, yana huci. Ta share da yatsa, ya fito ta ɗaya gefen. Ta cire takalmi ta ɗora ƙafa.

"Yesu! Turo ni yake yi! Wane irin kullu ne wannan? Shekara nawa ina masa ban taɓa ganin haka ba!"

"Na ce miki zai gaishe ki."

Bai rufe baki ba murfin ya yi tsalle ya kauce. Kullun ya taso kamar an kira sunansa, ya gangaro ta kowane gefe, ya bi zanenta, ya sauka a kan jan kafet ɗin Arbab, ya bazu. Rosaline ta zazzage albasar daga roba ta shiga kwasa da ludayi. Robar ta cika. Ta cika kwanon abincinta. Ta cika ledar da ta zo da tsumma a ciki. Abin da ya zuba ƙasa kuwa ya samu ɗumin hita ya ci gaba da tashi a kan kafet, ya rarrafo wajen Wakili har ya taɓa masa takalmi a kan kuloci. A motar da ke gefensu wata Bafilipina ta manna fuska a gilashi, baki buɗe.

Waya ta yi ƙara. Zainul Abideen ne.

"Wakili, ina mota? Gidan Arbab sun kira, mai hoto ya iso da wuri. Kana ina?"

"Ina hanya. Ruwa ne, mudir."

"Mota lafiya? Kafet bai jiƙe ba?"

Wakili ya dubi ƙasa. "Ruwan sama bai taɓa shi ba."

"Yalla, yi sauri. Mushkila babba in ka makara."

Motoci suka fara motsi. A gabansu ga danja, hanya ta rabu. Hagu ta nufi Al Khabaisi, gareji na nan kusa, akwai injin wanki, akwai tsohon kafet da za a iya mayarwa, mutum ya yi sauri ya isa Mirdif kafin ran Arbab ya gama ɓaci. In aka miƙe kuma Al Rigga ce, ta cikin wani cunkoson da ya fi wanda suka baro.

Rosaline ta ji duk abin da aka faɗa a waya. Ta ajiye ludayin, muryarta ta sauka.

"Sauke ni a nan, Baba Wakili. Zan nemi tasi. Je ka wanke motar mutane, kada ka rasa aikinka a kan masa."

Ya dube ta. Kullu har gwiwar hannu, zane ya jiƙe, ƙafa ba takalmi, ga bokiti yana ta amai. Babu direban tasin da zai tsaya mata a Dubai yau, ko da ƙaninta ne.

"Me na ce miki a waya?"

"Ka ce abubuwa da yawa. Kullum kana cewa."

"Na ce Al Rigga, da kullu tasasshe."

Danja ta ba da hannu. Ya sa giya, takalminsa na santsi a kan kuloci, ya miƙe.

Sulemana, uban jariri, mai gadi ne a wani otal, ƙato daga Zangon Kumasi. Yana tsaye a ƙofar bene da lema cikin farar shadda sa'ad da motar ta tsaya. Ya buɗe ƙofar fasinja da ladabi, kullu ya zubo masa a kan takalmi.

"Ei! Maman Fortune! Masa ke nan ko siminti?"

"Kama bokiti, Sulemana, surutu daga baya."

Aka kira abokansa suka yi sama da bokiti da roba da kwano da leda. Matan gidan suka sauko da tsummoki da ruwa, suka kwashe abin da ke kwasuwa, suna dariya har da riƙe ciki. Rosaline ta tsuguna tana laluben takalminta a ƙarƙashin kujera, ta ɗan jima a can fiye da yadda neman takalmi ke bukata. Ta miƙe ta dubi Wakili, ta buɗe baki, sai Barikisu ta ƙwala mata kira daga taga cewa tanda ta yi zafi. Ta juya ta hau bene da gudu.

Wakili ya isa Mirdif bayan an sauko daga sallar azahar. An riga an yi hoton a wata motar. Arbab ya fito cikin farar kandura, doguwar rigar Larabawa, ya zaga Ford ɗin, ya buɗe ƙofa, ya shaƙa. Turare da tsamin shinkafa suka tarye shi tare. Kafet ɗin ya yi fari-fari, ya fara bushewa yana ɓamɓarewa.

"Shu hada? Mene ne wannan, ya Wakili?"

"Hita ce, Arbab. Tana aiki."

"Na ga tana aiki." Ya taɓa kafet da bakin sandarsa. "Wannan fa?"

"Abincin suna ne. An yi wa wani ɗan'uwanmu haihuwa."

Dattijon ya daɗe yana kallonsa. Gefen bakinsa ya ɗan motsa, amma ya danne. Ya miƙa hannu, Wakili ya sa masa makulli a ciki.

"Daga yau Zainul Abideen zai nemo mai tuƙa ta. Kai wanki da guga, sai na manta da wannan warin. Ƙarfen nan kuma ka cire shi yanzu a gabana, ka tafi da shi. Khalas, shi ke nan."

Wakili ya jira inji ya huce, ya kwance notin da hannunsa ɗaya bayan ɗaya. Kwanon ya fito da nauyinsa, baƙi, da sauran ɗumi a jiki. Wani mai aikin lambu ya ba shi buhun shinkafa ya sa a ciki. Ya rungume shi ya hau bas, ya sauka ya hau jirgin ƙasa, mutane na kallon tsoho mai farin takalmi da buhu a ƙirji. A duk tsawon hanyar yana shirya yadda zai ba da labarin, amma ko ta ina ya ɗauko shi sai ya ƙare a kan hannun Arbab a miƙe yana karɓar makulli. Wannan labarin bai san yadda ake ƙara masa tsawo ba.

La'asar ta yi sa'ad da ya hau benen su Sulemana. Tun daga matakala yake jin ƙamshin masa da miyar taushe, da muryar mace tana magana sama da ta kowa. Ya tsaya a bakin ƙofa. Falon ya cika, maza a gefe guda, mata sun kewaye Barikisu da jariri, Rosaline kuma tana tsaye a tsakiya cikin aron zane, ludayi a hannu.

"Na ce muku firji ya kashe kullun nan, ya mutu murus! Mutumin nan ya ce mini, Maman Fortune, salansa zai tashe shi. Na ce wannan tsoho ya fara ruɗewa. Muna isa bakin teku ya buɗe wata ƙofa, wuta ta fito, shuɗiya!"

"Ei!" in ji matan.

"Kullu ya tashi ya ɗaga murfi, ya ɗaga jakata, ya ɗaga ni kaina daga kujera har kaina ya bugi rufi. Ya fita ta taga. Motocin da ke bayanmu sai da suka kunna abin share gilashi!"

"Chale, a kan takalmina ma ya ci gaba da tashi," in ji Sulemana da salon maganar 'yan Ghana. Sai ya hango Wakili. "Ga shi nan! Baba, shigo, shigo! Medaase, na gode, wallahi ka fitar da mu kunya. Masa kamar auduga, har maƙwabta Larabawa sun aiko a ƙara musu."

Aka matsa masa wuri. Rosaline ta dubi buhun, ta dubi fuskarsa, ta dubi aljihun da makullin motar ya saba leƙowa. Ta karɓi buhun ta zare kwanon ƙarfen, ta ture faranti ta ɗora shi a tsakiyar tebur.

"Ga shi nan, ku gani da idonku, kada wani ya ce ƙarya nake yi."

Mutane suka taso suna taɓawa, wasu na ɗaukar hoto. Ita kuwa ta shiga kicin ta fito da faranti shaƙe da masa, waɗanda ta ware tun daga tandar farko, ta durƙusa ta ajiye a gabansa. Da ta miƙa masa ruwan wanke hannu sai ta cusa masa wani abu a tafi, ta naɗe yatsunsa a kai. Ya ɗan buɗe. Ledar yis ce, babu komai a ciki, da ɗan busasshen kullu a gefe.

"A ƙarƙashin kujera," ta ce a hankali, yadda shi kaɗai zai ji. "Ka ajiye, kada ta ɓata." Ta gyara zaman farantin. "Gidan nan naka na Pankshin, kicin ɗin yana da taga, ko shi ma labari ne?"

"Yana da taga," ya ce. "Ƙarama ce dai."

"Za a faɗaɗa. Ƙarfen nan kuma kada ka bar shi a Dubai, can ne ake sanyi."

Ta miƙe za ta koma wurin mata, wata tana tambayarta wai da gaske har kanta ya bugi rufi. Wakili ya kama bakin zanenta.

"Maman Fortune, bai fa kai rufi ba. Iyakarsa gwiwa."

"Ci masarka, Baba Wakili," ta ce. "Wa ya zauna a kan bokitin, ni ko kai?"